Matar da ta riƙe sirrin aji

A ƙarshen shekarun casa'in aka kawo kwamfutoci uku kwalejin horar da malamai inda nake koyarwa a Kafanchan. Ni kaɗai na taɓa zuwa kwas ɗin kwamfuta a Kaduna, don haka aka damƙa mini makullin ɗakin da ɗalibai. Ba mu da intanet tukuna. A allo nake zana musu yadda wasiƙa ke bin wayar tarho daga wata na'ura zuwa wata, ina gaya musu cewa abin yana nan tafe, kuma mayaudara za su biyo shi.

A ajin akwai wata dattijuwa wadda ta daɗe tana koyarwa a firamaren ƙauyensu kafin ta dawo ƙarin karatu. Mijinta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ita kuma jigo ce a zumuntar matan majami'arsu. Kowa Mama yake ce mata, har da ni.

Ranar da na koyar da kalmar sirri, na ce kowa ya rufe aikinsa da kalmar da ba wanda zai iya gane ta. Da suka gama, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cinkar kalmar kowa. Rabin ajin sunan ɗan fari ko na ƙauye suka sa. Ta Mama kuwa a gwajin farko na buɗe, domin "Ubangiji" ta rubuta. Aji ya kwashe da dariya, amma ita ba ta yi ba.

"Ɗana," in ji ta da Hausarta ta kudu, "wannan sunan bai isa ya tsare takarda ba?"

Na ce ya isa ya tsare mu duka, amma ɓarawo ma ya san shi, kuma shi zai fara gwadawa. Ta dube ni, sannan ta ce in juya baya. Ta daɗe tana dannawa da yatsa ɗaya. Wannan karon ban iya buɗewa ba.

Na kuma gargaɗe su kan ƙwayar cutar kwamfuta da ke bin faifan ajiye aiki ta lalata komai. Na ce kada a sa faifan waje sai an duba shi, kuma kowa ya riƙa ajiye kwafin aikinsa. Suka ce to, irin to ɗin ɗalibai.

Ana saura mako biyu su miƙa rubutun kammala karatu, wani ɗalibi ya dawo daga Kaduna da faifan da aka yi masa aiki a shago, ya sa a na'urar da ajin ke ajiye komai. Washegari ba abin da ke buɗuwa. Na yi duk dabarar da na sani, na kasa. Wata ɗaliba ta zauna a ƙasa tana kuka. Na tambaya ko akwai mai kwafi, ba wanda ya ɗaga hannu.

Sai Mama ta buɗe jakarta ta fito da wani tsohon gwangwanin madara naɗe da ɗankwali. Cike yake da fayafayai, kowanne da sunan mai shi. Ashe duk Juma'a, kafin ta tafi gwajin waƙa a majami'a, takan tsaya ta kwafe aikin kowa, har ta buɗe ta tabbata ya shiga daidai.

Ana ta tsalle ana rungumarta, ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini.

"Mama, yaya kika buɗe aikinsu?"

"Su suka ba ni kalmomin, don kada su manta. Ban rubuta ko ɗaya ba, duk suna nan." Ta taɓa goshinta.

Na rasa ko faɗa zan yi ko godiya. Na gode mata tukuna, da gaske. Sannan na ce wa ajin sun yi sa'a Mama ce, amma gobe a makarantun da za a tura su, ba kowane mai fara'a ne Mama ba. Na sa kowa ya sake kalma nan take. Ita da kanta ta miƙe ta ce, "Kun ji malam. Wanda ya sake kawo mini sirrinsa, zan ja masa kunne."

Daga ranar ta nemi in koya mata duba faifai, kuma ta mai da kujerarta bakin ƙofa. Wata rana shugaban sashenmu ya shigo da sauri da faifai a hannu, zai buga jawabi. Ta tare shi.

"Ranka ya daɗe, daga ina faifan nan ya fito?"

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya miƙa mata, ya tsaya yana duba agogo har ta gama. Ta mayar masa da hannu biyu, ta ce lafiyarsa kalau, yana iya wucewa.