Goggo Kulsum da Ta Tsare Ƙofar Innata

Da sassafe, lokacin da tururin ruwan jiya ke tashi daga lungunan New Bell, unguwarmu a Douala, kamar an buɗe tukunya, takun silifas ɗin Goggo Kulsum ne farkon abin da muke ji. Lema a hannu ɗaya, ɗan kwandon goro a ɗaya hannun. Tun daga bakin kwata take rafka sallama, ta tsallake katakon da aka gitta, ta shigo tana faɗin abin da ya kawo ta kafin ta sami wurin zama: an haihu a gidan wane, suna ranar Laraba, za a ɗaura auren wance, wane ya riga mu gidan gaskiya, jana'iza bayan azahar. Ta ajiye goro, ta kurɓi koko in an ba ta, ta yi gaba. Mai gayya ce, kuma tun ina goye na tarar da ita a kan wannan aiki.

Waya ta zo ta cika gari amma ba ta raba ta da kwandonta ba, domin a unguwarmu gayyar waya raini ce. In Goggo ba ta taka gidanki ba, to ba a gayyace ki ba. Tana zuwa kasuwar Sandaga ta nemo matanmu a tsakanin buhunan albasa, tana hawa bensikin, wato acaɓa, ta ƙetare gada zuwa Bonaberi. Kuma Allah ya ba ta wata baiwa: saƙo yana isa a bakinta da muryar mai shi. In Hamadu mai nama ne ya aiko ta, har ɗan kakin da yake yi kafin magana sai kin ji.

Watan jiya gwiwoyi suka ce sun gaji, ta rataye kwandon. Mu kuwa mun iya yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa. Ni ba zan jira ba. Zan faɗi nawa tun tana ji da kunnenta.

Shekarar korona ce, da damina. Unguwa ta yi wani irin shiru, masallatai a rufe, kowa da takunkumi a fuska, wanda a nan muke kira kashne, wasu kuma a haɓa suke rataye shi don tsoron 'yan sanda. Ana ta cewa cutar masu hawa jirgin sama ce, zafin Douala zai ƙone ta. Ana cikin haka mahaifiyata, Nana Hadiza, ta fara tari. Aka gwada, aka ce ita ce. Dokta ya ce gado ya yi wuya, a killace ta a gida, mutum ɗaya ya kula da ita, kada kowa ya shiga. Na ɗaure hanci na shiga ɗakin baya da ita, na turo ƙofa.

Dokta bai san dubiyar unguwarmu ba. A wurinmu in mutum ya kwanta, ɗakinsa cika yake yi. A zauna a bakin gado, a dafa goshi, a riƙe hannu, a yi tofi a ruwa a ba shi ya sha. Wanda bai zo ba, har jikoki za a ba labarinsa. Gidan da ya hana shiga kuwa, an ce girman kai ne, ko akwai abin da ake ɓoyewa. Ina jin an fara sallama a zaure na san tsofaffin da ke tafe, na san masu ciwon suga da masu hawan jini a cikinsu.

Goggo ce ta zagayo ta ɗan tsukin da ke bayan ɗakin, inda mutum ɗaya ne kawai ke iya tsayawa, ta yi magana ta taga.

"Rakiya, me doktan ya ce?"

Na gaya mata. Ta ce, "To. Ki ji da uwarki, ni zan ji da mutane."

Ta ɗauko kujera 'yar tsugunno, da bokitin ruwa da sabulu, ta ɗaura kashne, ta zauna ɗaram a bakin zaure. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana tara jama'a, ga ta yau ta zauna tana mayar da su. Duk wanda ya zo sai ta ce ya tsaya daga can, ya wanke hannu, ya faɗi gaisuwarsa. "Ba ni dubiyar, zan kai ta da ɗuminta." An sha gaya mata magana. Wata ta ce yaushe mai rabon goro ta zama likita. Goggo ta ce, "Ban zama ba, shi ya sa nake jin maganar wanda ya zama."

Da yamma, in ruwa ya tsagaita, sai ta zo bayan taga ta ja baya kaɗan, ta fara sauke kayan da ta tara. Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ga kakin Hamadu, ga muryarsa: "Ashiya, sannu, Nana, Allah ya sa kaffara ne." Ga matar liman da jan maganarta. Ga tsohuwar nan 'yar Garwa da Hausarta mai gauraye da Fulatanci. Ɗakin duhu-duhu, ruwa na ɗiga daga indararo, ƙamshin gasasshen kifi na shigowa daga wani gida, muryoyi suna shiga ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙafa ba. Inna tana cikin zazzaɓi, ido a lumshe, tana amsa kowa da sunansa. Wani lokaci takan ce tana ganin su duka a cikin babban kwalekwale a kan kogin Wuri, sanye da fararen kaya na ranar idi, suna ɗaga mata hannu, hazo yana rufe su yana buɗewa.

"Rakiya," ta ce mini wata rana, "ki shimfiɗa wa mutane tabarma mana, kin bar su a tsaye."

Na shimfiɗa. Ina shimfiɗawa ina kuka, ba kuma duka na baƙin ciki ba ne.

Sai ranar da Hajiya Larai ta ƙetaro daga Bonaberi. Yayar Inna ce, ciki ɗaya, ga ciwon suga ya daɗe yana cin ta. Ita da Goggo ƙawaye ne tun suna 'yan mata, Goggo ce ma babbar ƙawa a bikinta. Daga ɗaki nake jin su.

"Kulsum, matsa in wuce."

"Larai, ba za ki shiga ba. Kin san jikinki. In wannan abu ya kama ki, ba zai bar ki ba."

"Ajali ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne. Amma ba ta ƙofar da nake tsaro zai same ki ba. Zo in kai ki bayan taga, ki yi mata magana da bakinki."

"Ni ce zan tsaya a bakin kwata ina leƙen ƙanwata ta taga? Nono ɗaya muka sha! Hannunta na zo riƙewa."

Na ji kujera ta motsa. Daga baya maƙwabta suka ce Goggo miƙewa ta yi ta dafa bango da hannu biyu, ta cika ƙofar da jikinta, hawaye na jiƙa mata kashne.

Hajiya ta ce, a hankali, "In Dije ta mutu ban riƙe hannunta ba, ni da ke har abada."

"Na ji," in ji Goggo. "Na ɗauka."

Hajiya ta juya ta tafi, ko saƙo ba ta bari ba. Da yamma Inna ta buɗe ido ta ce kamar ta ji muryar Yaya. Goggo tana bayan taga. Sai wata murya ta shigo, muryar Hajiya sak, har da rawar da take yi in tana danne kuka: "Dije, ni ce. Sannu, ƙanwata. Ina nan kusa." A iya sanina, wannan ne kaɗai saƙon da Goggo ta taɓa kaiwa ba a aike ta ba. Inna ta yi murmushi ta ce, "Yaya, kin sha hanya." Ta miƙa hannu, na riƙe.

Bayan 'yan kwanaki numfashin Inna ya tsananta, aka samo gado a asibiti, can ta cika da hantsi. Goggo ta ɗauki lemarta ta bi gida gida tana sanarwa, tana roƙon kowa ya yi addu'a a ɗakinsa, ba zaman makoki. Da ƙafarta ta je Bonaberi. Hajiya ta saurari saƙon, ta rufe ƙofa.

Ba na cewa Goggo ce ta hana mutuwa, Allah ne mai tsarewa. Amma lungunan da aka cika ɗaki da dubiya na san gawa nawa suka fitar a daminar nan, kuma cikin waɗanda suka tsaya a bakin zaurenmu ban ji wanda ya kwanta ba.

Goggo, ke ce kika sa Innata ba ta tafi tana zaton an guje ta ba. Ke ce kika yarda a ji haushinki don tsofaffin unguwa su ga wata damina. Katangar zaure, ƙafar zumunci, na gode, Allah ya saka miki da abin da ba mu iya biya. Ku kuma 'yan unguwa, cuta ba ta yi rantsuwar ba za ta dawo ba. Ranar da ta dawo, a samu wanda zai ɗauki kujera ya zauna a ƙofa, ko da za a zage shi.

Hajiya Larai tana nan da ranta. Ta aurar da jikoki, bara ma ta ga tattaɓa kunne. Har yau in suka haɗu da Goggo a biki, kau da kai take yi. Shekaranjiya na je gaida Goggo, na same ta tana shafa man zafi a gwiwa, na ce zan je Bonaberi in durƙusa in roƙi Hajiya ta yafe.

Ta ci gaba da shafa manta. "Ƙyale ta, Rakiya," ta ce. "Ai mai rai ne ke yin gaba."