Gyaɗar Yaya Rabi a ƙofar asibiti

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Rabi, malamar asibiti a nan Madarumfa, amma har yau in mata suka taru sai an yi dariyar gyaɗarta. Allah Ya jiƙan ta.

Kullum akwai faifai cike da gyaɗa a bakin ƙofar ɗakinta. In uwa ta kawo budurwa ko saurayi, sai ta miƙa mata faifan ta ce ta samu inuwa ta ɓare, ita kuma ta shige da yaron ta ja ƙofa. Matar mai gari ma ta ɓare, balle ni ƙanwarta.

Lokacin da na kai mata ɗiyata Hadiza, yarinyar tana shekara goma sha biyar, ta rame, ta daina cin abinci, ba ta ko iya kallon idona. Abin da kowace uwa ke tsoro shi na sa a raina. Na ɓare gyaɗar nan da haushi kamar ita ta yi mini laifi. Suna fitowa na tare Yaya, na ce ni na haife ta, dole in sani.

Ta ce, "Ba abin da kike tsoro ba ne. Sauran kuma nata ne, ita za ta faɗa miki."

Wallahi kamar in shaƙe ta! Sai a hanyar gida Hadiza ta buɗe baki. Jini take gani a fitsari, ta ɗauka wani abin kunya ne ya same ta. Ashe tsargiya ce ta kwaso wajen wanki a tabki. Na yi dariya har da hawaye, muka juya tare, Yaya ta nuna mini yadda za ta sha maganin.

Yanzu 'yan mata wayar salula suke tambaya game da ciwonsu. Da Yaya na nan, na san cewa za ta yi salula ba ta kiran uwa ta shigo daga baya. Ita kuwa Yaya takan kira. In abin ya kai haɗari ma ba ta jira, sai dai ta fara gaya wa yaron za ta kira.

Yaya ba ta bar mana gida ko gona ba. Amma Hadiza, da 'ya'yanta yau, in abu ya dame ta ni take fara nema, ni kuma in kama bakina har ta gama. Wannan Yaya ce ta bar mana.