Kofur Mika da gambar gonar ubansa

Mika ya dawo daga yaƙin Bama da tari a ƙirji da rantsuwa a baki. Gaban jama'ar coci ya ɗora hannu kan Littafi, ya ce ko ƙasa zai ci ba zai sake sa kaki ba. Wasu tsofaffin ƙauyensu, Manga, suka yi murmushi kawai. A ƙasar Zuru in rumbu ya ƙare, hanya ɗaya namiji ya sani, ita ce ta bariki.

A 1952 ubansa ya rasu, ya bar mashi gona a jikin dutse. Tsohon yana da irin nasa noma: duk taku goma sai ka ga layin gamba ya gitta gangaren, doguwa, ta fi mutum tsayi. Saboda gambar nan ne Hammadu, wani dattijon Bafulatani, yake kawo shanunsa kowane rani, su ci toho, su kwana a gonar, su bar kashi.

To amma soja ta riga ta ɓata wa Mika ido. Shekara takwas ya yi a inda in ciyawa ɗaya ta tsiro a filin fareti sai mutum ya sha horo. A wurinsa ciyawa ƙazanta ce, shi ke nan. Ya ɗauki galma ya shiga tuge gambar, layi bayan layi, yana tarawa yana cinna mata wuta.

Hammadu ya same shi yana cikin aikin, ya dogara sanda.

"Kofur, gona kaka gyara ko Gwamna za ya zo duba sahu?"

"Baffa, ku ko a kan gadonku ciyawa ta tsiro cewa za ku yi arziki ne."

"Arziki ne mana! Shekara ashirin ina kwana da shanu wurin ga. Inda gamba take, ƙarfin taki shina kai damina uku. Inda babu, damina guda ruwa ya tahi da shi ƙasa, can inda dawa ba ta kaiwa."

"Ai gambar cin abincin dawa take yi."

"Tana ci, ban musa ba. Amma tana ajiyewa. Kai wa za ya ajiye maka?"

Mika ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Ya ce yanzu akwai takin Bature, zamanin jiran kashin saniya ya wuce.

Layi ɗaya ne ya tsira, na can ƙasa kusa da kabarin tsohon, inda aka jera tukwane. Shi ma don matarsa Magdalene ta tsaya a gaban galmar ne da ɗiyarsu Larai a baya, ta ce, "Baban Larai, in za ka tuge wannan, fara da ƙafata."

Da damina ta faɗi, malamin gona ya zo da takin, fari tas kamar gishiri. Ya faɗa wa manoma a sa kaɗan-kaɗan, sau biyu, a rufe da ƙasa. Mika bai saba raba aiki biyu ba. Rana ɗaya ya juye nasa duka, ya karkaɗe buhu, ya tafi gida. Kuma wallahi da farko abin ya yi kyau. Cikin sati biyu dawa ta yi kore shar, har mutane na ratsowa daga hanya su kalla. Mika na tsaye bakin gona hannu a baya kamar mai duba kurata.

Sai ruwan Agusta ya sauko, kwana tara ba rana.

Abin da ya fi ci mashi rai shi ne gonar ba ta zaizaye ba. Kunyoyi na nan, dawa na tsaye a sahu. Kawai ganyen ƙasa ya fara yin rawaya, sannan na bisansa, sannan karan ya tsaya cak bai ƙara ko taƙi ɗaya ba. Mika ya durƙusa ya tona da hannu har gwiwar hannu yana neman takinsa. Ya ɗanɗana ƙasar. Yashi ne da ruwa. Da ya ɗaga kai, ga dawar da ke jikin layin kabari, kore, ta fara ciki.

Yau masu bincike na cewa saiwar wasu ciyayin kiwo na rage saurin narkewar ƙarfin taki, kada ruwa ya zarce da shi ƙasa. Hammadu bai taɓa riƙe alli ba, ya faɗi haka tun ranar, aka yi mashi dariya.

Gonar da take ba tsohon dami arba'in ta ba Mika goma sha ɗaya, kuma rabi daga gefen kabari suka fito. Rani ya zo, Hammadu bai zo ba. Ba fushi ya yi ba, shanu ba su cin fili mai tsabta. Ya kaɗa su wajen Ribah. Damina ta gaba ba kashin shanu, ba kuɗin takin Bature, ba gamba. Dami bakwai.

Kafin a kai ga sabon hatsi gashin Larai ya koma ja, cikinta ya kumbura, ta daina kuka ma. Magdalene na dafa tafasa da rama, ta barbaɗa gari da yatsu uku. Wata safiya ta tarar da Mika a tsakar gida yana goge tsohon takalminsa na soja.

"Ka rantse fa, Baban Larai."

"Na rantse zan ci ƙasa. Ban rantse ita za ta ci ba."

Kwana huɗu suka yi su biyu suna tsaga gindin gambar kabari, suna dasawa tsinke-tsinke a gicciye, duk taku goma, a kan sawun da shi da kansa ya ƙone. Rana ta biyar ya taka zuwa Zuru, ya shiga layin masu neman soja, ya haɗiye tarinsa har likita ya wuce.

Abin da yake aikowa ya raya Larai. Gambar ta kama a hankali. A rani na uku Hammadu ya dawo da shanu, ya tsaya bakin gonar ya daɗe yana kallo, ya tambayi Magdalene ina Kofur.

Kofur na bariki. Da suka gane ƙirjinsa ba zai ɗauki maci ba, sai suka ba shi aikin da ya iya: cire ciyawa a filin fareti. Yana kan wannan aikin tarin ya kayar da shi, a 1957, fartanya a hannu. Can aka binne shi. Akwatin kayansa kawai aka kawo Manga, a makon da Magdalene ke ɗaure dami na talatin da biyu.