Mati Magini Da Ƙofar Gobe

Da an idar da sallar asuba, Mati ba ya komawa gida. Sai ya saɓi galmarsa ya nufi kududdufin bayan gari, wajen hanyar Mai'adua, inda yake ɗibar ƙasa tun yana saurayi. Yakan tsuguna ya ɗebi birji, jar ƙasar gini, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, wani lokaci har ya ɗora a harshe. In ta yi masa, ya ce da masu jakuna su loda. In ba ta yi masa ba, ya tofar, ya zage ta kamar tana jinsa. Kafin hantsi ya shiga kwaɓi har gwiwa, yana tattake ƙasa da ciyawa, yana faɗa da duk wanda ya tsaya kallo. Haka Daura ta san shi. Bana gwiwoyin sun ƙi, ya jingine galma, kuma har yau ba a sami mutum ɗaya da ya tara jama'a ya ce masa sannu da aiki ba. Abin ya yi ciwo, shi ya sa aka yi wannan rubutu.

In talaka ya zo masa yana kukan ba shi da ƙarfin gina gida, amsar Mati ɗaya ce: "Wa ya ce ka gina gida? Gina ɗaki." Rani guda, ɗaki guda. Duk ɗakunansa awonsu ɗaya, gwargwadon tsawon azara, don haka itacen wannan yana hawa kan wancan. Kowane ɗaki yana tsaye da bangonsa, bai jingina da ɗan'uwansa ba. Bango in ya faɗi ba a yar da shi, a jiƙa a sake mulmula tubali. Sannan ga abin da ya fi ba da mamaki: ban da ƙofar shiga, sai ya yanka wata ƙofa a bangon da babu komai a bayansa, ya ɗora mata azara a sama, ya toshe ta da siririn tubali, ya yaɓe, ya kafa ɗan tsingaro a kai don shaida. Ita yake kira ƙofar gobe. Ranar da Allah ya hore, a fasa ta, sabon ɗaki ya haɗu da tsoho ba tare da an rushe komai ba.

Wanda ya taɓa zama ya zuba wa zanzaro ido zai gane aikin nan. Shi ma ɗaki ɗaya yake gamawa kafin ya liƙa na biyu, bai taɓa barin kango ba. Amma mutanen gari ba su ga haka ba. Ƙofar aljanu suka sa mata suna. A shekarun da aka dawo da shari'a har wasu samari suka tare shi, wai tsingaron nan tsafi ne. Ya ce su tafi su tambayi iyayensu mata a wane ɗaki aka haife su.

A zaga bayan gari a gani. Kangayen bulo ne jere, sun tsaya iya taga, tumfafiya ta fito a falo, awaki na kwana a ciki, masu su kuwa suna cunkushe da iyali a ɗakin haya guda suna jiran siminti ya sauko. Wanda ya samu ya rufa kwano, bazara na zuwa ya kwashe tabarma ya gudu waje. Duk da haka gidan ƙasa ne abin kunya. Saurayi ya je neman aure a tambaye shi ko gidansu na siminti ne. Kududdufin ma da ya gina rabin unguwa, shara ake jibga masa don a yanka fulotai. Kai ne, Mati, ka rufa wa masu turin ruwa da masu faci da 'yan dako asiri, su kuma da suka ɗan ji dama suka shafe bangonka da siminti don kada baƙo ya gane hannunka ne.

Haulatu ba ta cikin masu jin kunyar. Mijinta Lawal mai gyaran keke ne, Mati ya yi musu ɗakin farko tana amarya, ya riƙa ƙarawa har gida ya tashi. Da Lawal ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, Fadila da Khairat. Da yake babu ɗa namiji, ƙaninsa Zailani, mai harkar kaya a kasuwar Mai'adua, yana da ɗan kaso a gadon. Haƙƙinsa ne, ba mai musu. Sai dai Zailani ya riga ya sami wanda zai sayi gidan ya rushe ya zuba shaguna. Alƙali ya yi magana ta gaskiya: in gida zai rabu ba cuta, a raba kowa ya riƙe nasa, in ba zai rabu ba, a sayar. Zailani ya kafe cewa zaure ɗaya ne, ba yadda za a yi. Haulatu ta san abin da sayarwa ke nufi. Rabonsu ba zai sake tsayar da gida a Daura ba, sai dai ta kwashi yaran ta koma ƙauyensu wajen Mashi ta raɓe a gidan yayanta, makarantar su Fadila kuwa ta ƙare ke nan.

Ranar da wakilin alƙali ya zo duba gida da dattawan unguwa, sai ga Mati yana ɗingishi, galma a kafaɗa. Ba wanda ya kira shi, a bakin mai ƙosai ya ji.

Zailani ya ce, "Baba Mati, lafiya? Nan ba kwaɓi ake ba."

"Na sani. Rusau ake shiryawa. Kai ne ka ce gidan nan ba ya rabuwa?"

"Ƙofa ɗaya gare shi, Baba. Ko ta sama zan riƙa shiga?"

"Kana yawo ba wando na gina shi. Matsa mini."

Mati ya juya ga wakilin alƙali ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in an ba Zailani ɗakin ƙurya, wanda ya ba lungu baya, kasonsa ya cika?"

Dattawa suka yi shawara, suka ce ya cika, har da ɗan ƙari. Haulatu daga bayan labule ta ce ƙarin ta yafe, yaran ma sun yafe.

Suka zaga ta lungu. Yaɓen shekara da shekaru ya binne tsingaron, bango ya zama sumul. Mati ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa manne da shafen makubar da ke jikin bangon, jama'a na dariya ƙasa-ƙasa.

Zailani ya ce, "Sallama kake yi wa aljanun naka?"

"I, sun ce in gaishe ka."

Can sai sautin ya sake. Mati ya ja da baya, ya yi bisimilla, ya kai sara. Tubali suka zubo ciki, ga azara kwance a sama, baƙa ƙirin, ko gara ba ta taɓa ta ba. Ƙofa ce sosai, da kafaɗunta, tana kallon lungu. Haske ya faɗa kan tsofaffin tayoyin marigayi. Haulatu da ta leƙo ta tsakar gida ta gan su, sai ta toshe baki da mayafi.

Zailani bai saduda ba. Ya ce, "To, ita waccan ta cikin gida fa? In sa ɗan haya yana leƙen matar yayana?"

Mati ya ce, "Yau ka tuna matar yayanka ce? Fadila, kawo ruwa."

A gaban kowa ya jiƙa tubalan da ya fasa, ya kwaɓa, ya toshe ƙofar tsakar gida da su. Ko ƙwarya ɗaya ta ƙasa ba a kawo daga waje ba. Da ya gama ya tsinci tsingaro ya kafa a kai, ya ce wa Zailani, "Ita ma ta gobe ce. Ranar da ka yi hankali ka zo in buɗe maka." Wakilin alƙali ya tabbatar gida ya rabu. Yanzu tela ne a ɗakin lungu, su Fadila kuwa kullum da safe suna fitowa ta zauren ubansu su tafi makaranta.

Bayan kwana biyu Haulatu ta dama fura ta kai wa Mati godiya. Nan ta ga abin da ya kamata ya hana garin nan sukuni. Mutumin da ya gina wa unguwa ɗakuna, ɗaki ɗaya gare shi da rumfar kara. A bangon gabas ga tsingaro a kafe, zanzaro ya yi gida a jikinsa.

Matarsa Laraba ta ce, "Kin ga tamu ƙofar. Tun ina amarya yake ce mini baɗi. Da rani ya kama sai wani ya zo da kuka, ya bi shi."

Mati ya ce, "Ke dai bakinki ba ya rufuwa gaban baƙo."

Haulatu ta ajiye furar ta yi musu sallama. Washegari ita da 'ya'yanta suka fara tara ɓawon ɗorawa na makuba suna jibgewa a ƙofar gidansa. Auta mai jaki ya gani, ya kawo lodin birji. Mati ya fito da sanda, ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ta banza ce, amma a ajiye.

Mati na Laraba, mai ƙofar gobe, mun gode. Kai ne ka nuna cewa talaka ba sai ya yi arziki zai kwana a ɗakinsa ba. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwoyin nan. Magina masu tasowa, ku je ku zauna gabansa tun bakinsa na iya zagi, ku koyi awon azara, ku koyi barin ƙofa. Ku kuma da kuke kwana ƙarƙashin rufinsa, ku duba bangon ɗakunanku, tsingaron yana nan ko kun shafe shi. Mace mai marayu ta riga ku, mai jaki ya riga ku. An gama girbi, ƙasa ta bushe, tarin birji na ƙofar gidan Mati yana jiran ƙafafu. Shi ba zai roƙe ku ba. Jiya ma da aka wuce, yana zaune gindin bangon gabas, galma a kan cinya, yana wasa bakinta.