Kwamfutar Rogo ba ta san kamun wuri ba

"Kawu, don Allah kar ka kashe ta!"

Hannunsa na kan soket. Kawuna yana da shagon ɗaukar bidiyo a Karaye da wani a Rogo, kuma na haɗa masa kwamfutocin biyu suna ajiya a rumbu ɗaya. Ranar muna shagon Rogo muna kwafe bidiyon saukar karatun wata yarinya daga Jajaye, katin kyamarar kuwa ya fara lalacewa. In aka katse, da wuya ya sake buɗewa.

Sai aikin ya tsaya cak. Mahaifin yarinyar na zaune a benci yana kallonmu. Kawu kuma maganin kowace cutar kwamfuta a wurinsa ɗaya ne, a kashe a kunna.

Na bi saƙonnin kuskure har na gano matsalar. Manhajar kwafin tana kama wa fayil wuri a rumbun kafin ta zuba shi. Kanel ɗin kwamfutar Rogo, wato zuciyar tsarinta, tsoho ne, bai san wannan ba. Shi ne manhajar ta koma cike wurin da sifiri kaɗan-kaɗan ta layinmu na zuwa rumbun, mai rarrafe.

Na hana ta kamun wurin, na ce bismillah. Bidiyo ya wuce!

Da na yi wa Kawu bayani sai ya ce, "Ashe gaskiyar kwamfutar ce. Ni ma ban yarda mutum ya shimfiɗa darduma a sahun gaba ya koma gida ba."

Har yau ya hana ni sabunta ta. Ku da kuke aiki da dattawa, yaya kuke shawo kansu?