Kukan da Inna Ta Sani

Inna ta ƙi tashi daga ƙauyenmu. Na yi lallashi, na yi fushi, na tura kawunnaina, duk a banza. Ni kuwa gyaran babura nake yi a Anka, don haka tun da noma ya gagara, duk Juma'a nakan ɗaura mata gero da maganin gwiwa a bayan babur in nufi wajen Bukkuyum.

A hanyar akwai wani rafi mai yashi, daji ya rufe shi hagu da dama. Nan mutanen daji suke tare matafiya. Babur ɗina tsoho ne, in ya shiga yashin sai ya dinga nishi kamar jakin da aka cika wa kaya, ni kuma ƙeyata tana ta ƙaiƙayi, ina jiran in ji an ce tsaya. Ba na jin kunyar faɗa, tsoro nake ji. Tun daren Alhamis tuwo ba ya wuce mini.

Sai na ce, ina amfanin sana'ata in ba ta fid da ni ba? Na sauke injin na baje shi a kan buhu.

Cikin inji ba wani abin mamaki ba ne. Fistin yana hawa yana sauka a cikin silinda, karanshaf yana juyawa a ƙasa, sai sandar ƙarfe da ta haɗa su, wadda muke kira kwanrod. Na samo karanshaf na wani babban inji, mai faɗin zagaye, wanda zai ja fistin ƙasa sosai ya kuma tura shi sama sosai. Nan ƙarfin yake. Amma in ka bar masa tsohon kwanrod mai tsawo, fistin zai wuce iyakarsa ya daki kan inji, shi ke nan ka yi asara. Dole a sa gajere. Gajeren kuma da halinsa: yana kwantawa gefe da yawa, yana goga fistin a jikin silinda, inji ya yi saurin tsufa. Na san haka, na ce ya tsufa mana, in dai ni zan tsufa tare da shi.

Har Gummi na kai wa wani mai injin matsa ƙarfe ya raba karanshaf ɗin ya sa mini gajeren. Yana aiki yana kallona ta gefen ido.

"Wanga aiki na wa na?"

"Nawa na."

"To, Allah shi sa." Ya ci gaba da aikinsa.

Na haɗa inji, na ɗan buɗe salansa don ya sami numfashi. Da na buga, sai wata murya ta fito mai kauri da kaushi, har maƙwabcina mai faci ya leƙo. Ranar Juma'a na shiga rafin nan na fita kafin in gama addu'ar da na fara. Wallahi dariya na yi ni kaɗai. Rabona da dariya a hanyar nan har na manta.

Ina shiga ƙauye na ga ba kowa. Turmi da hatsi a ciki, taɓarya a ƙasa. Tukunya a kan wuta. Takalmi ƙafa ɗaya a bakin rijiya. Na ce mutanen daji sun riga ni zuwa. Na kashe babur na ruga gidanmu ina kiran Inna.

A bayan rumbu na same ta, kwance cikin ƙaiƙayin gero. Ta yi niyyar bin mutane cikin gona, gwiwa ta ƙi, ta faɗi, sai ta ja jiki ta ɓuya. Goshinta ya fashe. Ta daɗe tana kallona kafin ta yarda ni ne.

"Kai na? Kai na ka zo muna da kukan mutanen daji?"

Sai a lokacin na gane kallon mai injin Gummi. Irin aikin da na yi, mutanen daji ake yi wa. Mutanenmu kuwa sun daina jiran ganin mai zuwa, da kunne suke tsaron ransu. Kowane babur na gari sun san muryarsa tun daga nesa, har tsohon nawa. Wanda ba su sani ba, gudu kawai.

Da ɗai-ɗai suka fito daga cikin dawa. Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Ina wanke wa Inna goshi na sake roƙonta ta bi ni Anka, ga babur mai gudu, ko ƙurarmu ba za a gani ba. Ta ture hannuna.

"Ba ni zuwa. In za ka taho, taho da kukan da nis sani. In ba ka iyawa, yi zamanka, na yahe maka."

Haushi ya kama ni: haushinta, haushin rafin, haushin hannuna. Da babur mai gudu ba ni da damar shiga garinmu, da marar gudu kuma ban san ranar da za a tare ni ba.

Asabar na sake sauke injin. Na mayar da tsohon karanshaf da dogon kwanrod ɗinsa, na toshe salansa. Gajeren yana nan rataye a ƙusa a garejina, an sha tayawa na hana, don na san inda zai ƙare.

Yau ma Alhamis ce. Na auna geron, na ɗaure. Gobe in na shiga yashin nan, babur zai fara nishinsa, ƙeyata ta fara ƙaiƙayi. Inna kuwa tana jin nishin daga nesa za ta ce a ɗora ruwa, ɗanta ya taho.