Sirajo Mai Fata, Da Wanda Ya Tsaya A Gaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labarin rasuwarka ya same ni ranar Talata, 10 ga Yuni, 2025, ina tsaye a barandar hawa na tara a Taman Melati ta birnin Kuala Lumpur, hancina a toshe da hula, ina ba maƙwabta haƙuri. Ƙirgin saniyar layya na roƙo a masallacin unguwa, ganin za su binne shi kamar gawa. Na zuba masa gishiri, na shanya, don ɗana Zahraddeen ya san ubansa ma ya san fata. Na manta nan ba Kano ba ce. Garin da ake ruwa kullum da la'asar, ko wanki sai an roƙe shi yake bushewa. Kwana uku warin ƙirgin nan ya tashi jama'ar bene guda. Wata dattijuwa Bamalayiya tana nuna ni da lema tana "Tak boleh, Haji!", wato ba a haka, sai ga waya daga Kano: Alhaji Sirajo mai fata ya cika bayan asuba.

Ka ga, ko a ranar mutuwarka sai da ka fi ni fita kunya.

Taubashina, tare muka bar makaranta a aji huɗu, tare aka kai mu wajen majema a Ƙofar Wambai. Ni na zauna a rumfa shekara arba'in ina ƙirga fatun da wasu suka kawo. Kai kuwa ka bi fata har inda dabbar take kiwo: Gamboru, Kusuri, Abashe, Sar, har Bangi, inda ka ce daji na rufe rana. Da yatsa biyu kake gane akuyar Sakkwato cikin fatu ɗari, da hanci kake gane wadda aka jiƙa don ta yi nauyi. Ka koya wa mahautan ƙauyukan da ba a taɓa jin sunansu ba yadda ake fiɗa ba a huda fata. Ba ka taɓa dawowa ba tare da wani a bayanka ba: Bakanon da ya ɓace shekaru, ko saƙon wanda ya mutu a hanya zuwa ga iyalinsa. Shi ya sa in ka sauka, unguwa ke watsewa zuwa zaurenka, ni a bar ni da ƙuda.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya Zahraddeen ne. Ni ke ciyar da yaro, amma in an tambaye shi me zai zama, sai ya ce, "Kawu Sirajo." Labarin da ya fi so shi ne na kogin Shari: yadda dorina ta kifar da kwalekwalenku, ka saki ɗaurin fatunka ruwa ya tafi da su, ka jawo wani tsoho makaho da rawaninka har gaɓa. Kullum sai ya maimaita mini, har da kwaikwayon dorinar. Wata rana na gaji, na ce masa, "Kai, rabu da kawunka. Mutumin da ko a kududdufi bai iya iyo ba? Matafiyi in bai yi ƙarya ba, wa zai ba shi shayi?" Yaro ya yi dariya, na ji daɗi, na mayar da abin wasan kullum. A hankali ya rage zuwa zaurenka. Ka lura, amma ba ka taɓa tuhumata ba.

To, jama'a su sani, ina wurin. Tare muka fita tafiyar nan a 1978. Da na ga faɗin ruwan, gwiwoyina suka ce ba da su ba. Ina tsaye a gaɓa rungume da buta na ga kwalekwale ya kife, na ga ka nutse sau biyu, na ga ka fito can ƙetare da tsohon. Ni kuma na nemi motar gida. Da ka dawo bayan wata bakwai, aka tambaye ka me ya mai da ni, sai ka ce, "Zazzaɓi ne ya kama Badamasi, ni na matsa masa ya koma." Shekara arba'in da bakwai kana riƙe mini zazzaɓin nan, ko a wasan taubasai ba ka taɓa goranta mini ba.

Da Zahraddeen ya samu tallafin karatun digiri na uku, ya ɗauko ni nan don a duba mini ido, kai na fara kira. Na ce, "Sirajo, yau na wuce ka tafiya." Ka yi dariya har da tari, ka ce, "Wanda aka ɗauka a jirgi kamar buhun albasa? To, duba mini awakinsu, jajaye ne ko baƙaƙe?" Sannan ka ce in ba ka ɗanka ku gaisa. Na ce ya fita, alhali yana gabana yana cin abincin da ya yo tapau, wato aka ƙunso masa, daga kedai, shagon abincin unguwa.

Ran Talata da na faɗa wa Zahraddeen rasuwar, ya share ido, ya ce, "Allah ya jiƙan Kawu. Mutumin kirki, wallahi. Ƙari ne dai ya yi masa yawa a labari." Maganata ce ta fito daga bakinsa, a kan gawar da ba a ma kai ba.

Allah ya jiƙanka, Sirajo. Yadda ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka ranar da asirai ke tonuwa, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce masaukinka na ƙarshe. Hajiya Rabi, da Kabir, da Hureira, da dukan zuriyarsa da mutanen Ƙofar Wambai, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa.

Rubutu mai sauƙi ne, takarda ba ta kallon mutum. Saura mai wuyar. Ran Juma'a in an sauko, zan zaunar da Zahraddeen, in dube shi ido da ido, in ce masa kawunsa bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya ba, ubansa ne ya rage. Har yanzu ina a gaɓa, taubashi. Ban san ko gwiwoyin za su yarda wannan karon ba, amma yanzu babu mai cewa zazzaɓi ne.

Badamasi na Rumfa,
Taman Melati, Kuala Lumpur.